Ina Jama'a a Labarinmu na Siyasa? Waiwaye Kan Cif Nanga da Majemin Atina

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da ƙagaggun labaran siyasa da 'yan'uwa marubuta kan ba ni in duba musu kafin su kai maɗaba'a. Yawanci zubinsu ɗaya ne. Za a kawo wani ɗan siyasa mai zaƙin baki, ya shigo gari da alkawura da buhunan gishiri da turamen atamfa, jama'a su bi shi ɗuu kamar tumaki, ya ɗare kujera ya yi ta tabka ɓarna. To idan marubuci ya zo rufe labari sai ka ga ya rasa yadda zai yi da shi. Ko dai mota ta ƙwace da shi a kan hanya, ko wata cuta da ta gagari likitoci ta kwantar da shi, ko kuma a wayi gari da kiɗan badujala a rediyo. Har yau ban ci karo da wanda a cikinsa mutanen da suka ɗora shi su ne suka sauke shi ba.

Wani zai ce ai labari ne, me ya yi zafi? To amma ƙarshen labari shi ne hukuncin da marubuci ya yanke, ko ya sani ko bai sani ba. Idan littattafanmu suka yi ta nanata wa ɗan sakandare cewa azzalumin shugaba ba ya sauka sai da hatsari ko bindiga, mun koya masa ke nan cewa ƙuri'arsa da bakinsa aikin banza ne, abin da ya rage masa shi ne ya naɗe hannu ya jira mai ceto. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi littafin da a nawa ganin shi ne uban wannan zubi a ƙasar nan, mu kuma auna shi da wani wasan kwaikwayo da ya girme shi da shekara fiye da 2,300, ko ma tsinci abin da zai amfane mu.

Littafin shi ne A Man of the People na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya buga a farkon 1966. Sunan ma kansa gatse ne, kamar a ce "Na Jama'a". Mai ba da labarin wani matashin malamin makaranta ne, Odili Samalu, tauraron kuma Cif Nanga, Ministan Al'adu na wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, wanda ya taɓa koyar da Odili a firamare. Nanga ya gayyaci tsohon ɗalibinsa zuwa gidansa na babban birni, gida mai ɗakin kwana bakwai da makewayi bakwai, Odili ya fara lasar zumar har ya soma yi wa ɓarayin gwamnati uzuri a zuci. Abin da ya raba su mace ce. Nanga ya ƙwace masa budurwa a cikin gidan, shi kuma don ramuwa ya shiga sabuwar jam'iyyar abokinsa lauya Max, ya tsaya takarar kujerar Nanga, ya kuma shiga neman Edna, yarinyar da Nanga ke shirin aura ta biyu.

Masana siyasa suna da suna na musamman ga irin siyasar Nanga. Mu a Hausa ba mu tsayar da kalma ɗaya ba tukuna, don haka a wannan takarda zan kira ta siyasar ni-ne-talakawa. Kada a haɗa ta da siyasar ƙwato wa talaka haƙƙinsa, wadda ke koya masa ya tsaya da ƙafarsa. Mai siyasar ni-ne-talakawa cewa yake yi shi kaɗai ne muryar jama'a, duk wanda ya ja da shi, alƙali ne ko ɗan jarida ko masani, to maƙiyin jama'a ne. Achebe ya kama wannan tun a babin farko. Farashin gahawa ya faɗi a kasuwar duniya ana dab da zaɓe. Ministan Kuɗi, Dokta Makinde, ya ba da shawarar a rage kuɗin da ake biyan manoma. Firayim Minista ya ƙi, ya ce Babban Banki ya buga fam miliyan 15, ya kori ministocin da suka goyi bayan Makinde, ya shelanta cewa maciya amana ne masu haɗa baki da 'yan waje, 'yan boko masu raina al'adarsu. A zauren majalisa, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen yi wa Makinde ihu shi ne Nanga, lokacin yana ɗan majalisa maras muƙami. Da wannan ihun ya sami minista.

Dole a sara wa Achebe kan yadda ya gina Nanga. Bai yi shi dodo ba. Mutum ne mai fara'a da kyauta da barkwanci, ya san sunan kowa, ya iya magana da kowa a harshensa. Mai karatu da kansa zai ji yana son zama kusa da shi, kuma nan ne hatsarin yake. Wannan darasi ne ga masu tasowa da ke zana mugun ɗan siyasa da jajayen idanu da ƙaton tumbi tun daga shafi na ɗaya, har mutum ya rasa dalilin da zai sa wani mai hankali ya zaɓe shi. Mu marubuta ma ba a bar mu ba. Akwai inda Ministan Al'adun ya je buɗe baje kolin littattafai bai san sunan littafin da ya fi shahara a ƙasar ba, bai kuma san marubucinsa ba, wanda shi ne shugaban ƙungiyar marubuta, ya ɓige da yi masa faɗa kan irin tufar da ya sa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran babban baƙo a bikin ƙaddamar da littafi zai yi dariya mai ciwo a nan.

Inda na rabu da littafin shi ne yadda ya ɗauki jama'a. Daga farko har ƙarshe taro ne kawai: masu rawa, masu harba bindigar toka, masu tafi. Falsafarsu, a bakin Odili, ita ce a bar mai ci ya ci, wata rana rabo zai zo kan ɗanmu. Aka lakaɗa wa Odili duka a wajen taron Nanga suna kallo, aka hana takardar takararsa isa, Nanga ya ci ba hamayya. Aka take Max da mota ranar zaɓe, budurwarsa Eunice ta harbe ministan da ya sa aka kashe shi, 'yan banga suka ɓarke da tarzoma, sai soja suka karɓe mulki, aka kama Nanga a kwalekwale ya yi shigar masunta. Na san za a ce ai Odili ne ke magana, kuma Achebe ya tona masa asiri sarai, ya nuna shi mai girman kai ne, mai riƙo, wanda kishin mace ya kai shi siyasa. Gaskiya ne. Na kuma yarda littafin bai yabi juyin mulkin ba, hasali ma ya ce ba jama'a ne suka kawo shi ba. To amma a shafukan ƙarshe gatsen ya yi sanyi, muryar Odili ta zama muryar littafin, kuma ba a bar ko da mutum ɗaya daga cikin taron ya musa masa ba.

Abin mamaki, littafin da kansa yana ɗauke da shaidar da ke ƙaryata wannan hukunci. Akwai wani mai kanti, Josiah, da ya yaudari makaho ya sace masa sanda don ya haɗa asirin da zai sa mutane su riƙa sayen kayansa ido rufe. Ba sarki, ba ɗan sanda, mutanen ƙauyen suka ƙaurace wa kantinsa har ya durƙushe. Odili ya fassara wannan da cewa ƙauye yana da mai shi, ƙasa kuwa ba ta da mai ita. Magana ce mai nauyi, amma ta nuna mutanen nan suna da ma'auni, ba tumaki ba ne. Sai kuma batun Urua, garinsu Odili. Da suka nuna alamar goyon bayan ɗansu, gwamnati ta aiko motoci aka kwashe bututan ruwan famfo da aka jibge musu. Suka janye goyon bayan, aka mayar musu da wasu daga cikin bututan. Odili ya ba da wannan a taƙaice ya wuce. Ni kuwa a ganina nan ne zuciyar labarin take. Matar da ke tafiya mai nisa ɗibar ruwa, aka ce ta zaɓa tsakanin famfo da wani saurayi ɗan boko mai neman huce haushi, in ta zaɓi famfo lissafi ta yi.

Tarihin shekarun da aka rubuta littafin ma bai goyi bayan Odili ba. A watan Yuni na 1964 ma'aikatan Nijeriya sun yi yajin aikin gama-gari na kimanin mako biyu har gwamnati ta sauko. Bayan maguɗin zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965 jama'a sun tashi, ko da yake ta mummunar hanya, da ƙone-ƙone da kisa. A nan Arewa kuwa, tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, teloli da 'yan koli da manoma da malaman zaure suke shan ɗauri da bulala saboda katin jam'iyyar da ba ta da kwangilar da za ta ba kowa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, domin sai 1976 suka fara jefawa. Waɗannan mutane ba su jira ɗansu ya ci ba. Idan aka ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, na yarda, amma ba dukan daddawar ba.

Sanannen labari ne cewa mawaƙi J. P. Clark ya karanta littafin kafin ya fito kasuwa, ya ce wa Achebe duk abin da ke ciki ya faru in ban da juyin mulki, sai ga 15 ga Janairu 1966. Tun daga nan ake yi wa littafin kirarin hangen nesa. Amma abin da ya biyo bayan shafin ƙarshe shi ne ramuwar gayya ta 29 ga Yuli, da kashe-kashe, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da mulkin soja har 1 ga Oktoba 1979. An gudu daga gara an faɗa zago.

Yanzu bari mu yi dogon tsalle zuwa ƙasar Girka, domin irin Nanga ya girmi Nijeriya nesa ba kusa ba, ya kusa zama tsaran dimokuraɗiyya ita kanta. A birnin Atina, inda maza 'ya'yan gari ke taruwa su yanke shawara da ɗaga hannu (ban da mata, ban da bayi), an yi wani ɗan siyasa mai suna Kiliyon, mai arzikin jima, wanda ya shahara da ƙarfin murya da zargin abokan hamayya da cin amana. Shi ake danganta wa ƙarin ladan da ake biyan talakawa masu zaman shari'a daga tsaba biyu zuwa uku. A shekara ta 424 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristofanis ya fito da wasan barkwanci mai sunan da za mu iya fassarawa Barade. A ciki ya mai da jama'ar gari mutum ɗaya, wani tsoho mai ɗan kurumta da saurin fushi, sunansa Demos, wato Jama'a. Tsohon ya sayi sabon bawa majemi, wanda ya mallake shi da daɗin baki yana gallaza wa sauran bayi. Suka rasa mafita sai suka samo wani mai tallar kayan ciki a bakin kasuwa, wanda ya fi majemin rashin kunya. Aka shiga gasar faranta wa tsoho rai, wannan ya kawo takalmi, wancan ya kawo alkawari, har da matashin zama da naman zomo.

Zagi ne tsagwaronsa, kuma a gaban jama'ar da ake zagin aka yi shi. Suka ba wasan lambar farko, bayan ɗan lokaci kuma suka zaɓi Kiliyon ɗin cikin sarakunan yaƙinsu. Marubucin da ke zaton littafinsa zai kayar da gwamna ya riƙe wannan. Sai dai ga inda Aristofanis ya yi wa Achebe na 1966 fintinkau: ya ba tsohon baki. Da aka yi masa gorin saurin ruɗuwa, sai ya amsa cewa da gangan yake yin wautar, kiwon ɓarawon yake yi, in ya ƙoshi ya sa shi ya amayar. Ko gaskiya tsohon ya faɗa ko borin kunya ne, mai kallo ne zai yanke. A ƙarshen wasan an dafa shi a tukunya ya fito saurayi, yana jin kunyar abin da ya aikata. Wato Jama'a a wannan wasa tauraro ne mai tunani da kunya, wanda zai iya sauyawa.

Tarihi kuma ya nuna ba mafarki marubucin ya yi ba. Shekara uku kafin wasan, a 427, aka murƙushe tawayen da birnin Mitilini ya yi wa Atina. Kiliyon ya zuga taron gari suka yanke a kashe duk wani namiji baligi na birnin, a bautar da mata da yara. Aka tura jirgin ruwa da umurnin. Da gari ya waye sai hankalin mutane ya ƙi kwanciya, aka sake kiran taro. Kiliyon ya yi musu faɗan rashin tsayawa kan magana, wani mai suna Diyodotus ya ja da shi, aka sake ɗaga hannu, ra'ayin sassauci ya yi rinjaye da ƙyar. Aka tura jirgi na biyu ya bi na farko, wanda ya ba shi ratar kusan kwana guda. Masanin tarihi Tusididis ya ce matuƙan suna tuƙi suna cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da ruwan inabi, barci kuma bi da bi. Suka isa an karanta umurnin farko amma ba a zartar ba. Kada mu yi wa abin kwalliya: duk da haka an kashe mutum fiye da dubu da aka ce su ne jagororin tawayen, kuma wannan dimokuraɗiyyar ce ta kashe Sokiratis a 399. Ya kuma kamata a sani cewa kusan duk abin da muka gada game da Kiliyon ya fito ne daga alƙaluman mutum biyun nan, waɗanda ba sa ƙaunarsa.

Waɗanda suka rusa mulkin jama'a a Atina kuwa ba su Kiliyon ba ne. Sau biyu, a 411 da 404, masu ilimi da dukiya da suka gaji da wautar taro suka karɓe mulki don su gyara. Na biyun, mutum 30 da birnin Isparta ya ɗaure wa gindi, sun kashe kimanin mutum 1,500 cikin wata takwas, jagoransu kuma Kiritiyas, ɗan'uwan Aflatun, marubucin waƙoƙi ne, abokin sana'armu. A 403 jama'a suka dawo da tsarinsu, suka yi yafiya, ya ci gaba har 322 lokacin da Makidoniya ta danne shi da ƙarfin soja. A tawa 'yar fahimtar, lafiyar dimokuraɗiyya tana ga wannan jirgi na biyu, wato a bar ƙofar da jama'a za su sake taruwa gobe su ce mun yi kuskure. Mai siyasar ni-ne-talakawa yana zama annoba ne ranar da ya toshe wannan ƙofa, kuma mai bindigar da ya zo ceto ita yake fara toshewa.

Mu ma mun ga jirage na biyu, sai dai ba su shiga littattafanmu ba. A watan Mayu na 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba da damar tazarce karo na uku. A 2015 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya kuma amince. Ba wanda ya ce waɗannan sun kawo aljanna, kowa ya san irin cizon yatsan da ya biyo baya. Amma tun 29 ga Mayu 1999 ba a ji badujala a rediyon ƙasar nan ba. A maƙwabciyarmu Nijar kuwa, inda a 2021 aka yi miƙa mulki na farko daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa zaɓaɓɓe, soja sun kifar da gwamnati ranar 26 ga Yuli 2023, dubban mutane suka fito titunan Yamai suna murna. Marubucin da zai rubuta wannan rana yana da zaɓi: ko ya zana su taron tumaki kamar yadda Odili zai yi, ko ya shiga cikinsu ya ji abin da ya ƙona wa kowannensu rai.

Adalci ne a faɗa cewa Achebe da kansa ya tura nasa jirgin na biyu. Ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano har ya riƙe babban muƙami a cikinta a 1983. Sannan a 1987 ya fito da Anthills of the Savannah, inda mai ceton, wato soja, shi ne ya zama cutar. A wannan littafi ma akwai batun ruwa: lardin Abazon ya ƙi amince wa shugaban ya dawwama a mulki, aka dakatar musu da haƙar rijiyoyin burtsatse ana tsakiyar fari. Su ma sun zo birni roƙo, kamar yadda mutanen Urua suka sunkuya. Bambancin shi ne a wannan karon an ba wani dattijo daga cikinsu shafuka ya yi bayani da bakinsa, kuma jawabinsa na cikin mafi ƙarfi a littafin. Direban tasi ne ya ɓoye kwamishinan da ake farauta, 'yar talakawa mai aikin kanti ce ta haifi jaririyar da aka rufe labarin da bikin sunanta. Shekara 21 ya ɗauka kafin taron ya sami sunaye.

Ba ina cewa kowane labari sai ya ƙare da akwatin zaɓe da tafi ba, wannan ma ƙarya ce, kuma wani lokaci Nanga ne ke ci. Abin da nake tambayar duk wanda ya miƙo mini rubutunsa shi ne, a cikin masu ihun "sai kai" ɗin nan, wa ka sani da suna? Me ya karɓa, me ya gaya wa matarsa da ya koma gida, wa ya yi masa gori a majalisar ƙofar gida, kuma me ya yi bayan shekara huɗu? Babin da har yau nake jiran wani ya rubuta shi ne na daren da aka kwashe bututan Urua: dattawa sun taru a ɗaki, fitila na ci, mahaifin ɗan takarar yana zaune a cikinsu, kuma shi ne shugaban jam'iyyar gwamnati na garin, ga mata a tsakar gida suna sauraro da tulunansu a gefe.